Philemon da Jakar Ƙarshen Fim

A Rikoto babu wanda bai san Philemon mai hoto ba, babu kuma wanda bai sha labarin zuwansa Jos ba. Ya taɓa raka wani ɗan uwansa can, suka iske ana ɗaukar fim a bakin titi, aka roƙe shi ya riƙe wa mai kamara laima saboda yayyafi. Daga ranar ya zama ɗan fim. In ana hira sai ya ce "mu masu harkar." In ya ɗauki hoton biki ya datse wa ango rabin kai, sai ya ce salo ne, ba kowa ke ganewa ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, wato maganar Rachel, 'yar Saja Haggai, tsohon soja mai ritaya. Rachel ba ta ƙi shi ba, don yana ba ta dariya. Saja ne ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bakinsa ya fi hannunsa aiki ba. Philemon ya daɗe yana neman inda zai nuna wa tsohon cewa akwai ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin hular nan tasa. Sai ga wani fim ya kawo masa dama har gida.

Wata Asabar da rana aka nuna fim ɗin a gidan kallon unguwa. Labarin soja ne da ya daɗe a bakin daga, kuma da yake kusan kowane gida a nan yana da soja, ɗakin ya cika maƙil. Saja ya zo da matarsa Leah, ya kuma jawo amininsa Alhaji Arzika mai hatsi, Bakabe daga yankin Kabi, wanda suke dara tare a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan Saja tun Rachel ba ta fara tafiya ba. A ƙarshen fim ɗin sojan ya dawo garinsu. Ya iso ƙofar gidansa, ya sauke jakarsa ta kaya, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya jiyo ana dariya a ciki. Ya tsaya da hannu a sama. Kamara ta sauka kan jakar nan a bakin ƙofa, ta daɗe a kanta, sai duhu. Fim ya ƙare ke nan.

Philemon bai ga ko ɗaya daga wannan ba. Ya ci tuwon dawa ya ƙoshi kafin ya shigo, ya samu benci kusa da fanka. Abin ƙarshe da idonsa ya gani shi ne wani ƙauye, da dabba tana wucewa ɗauke da itace. Bai farka ba sai da sunaye ke hawa allo, mutane na ta hayaniya, kowa yana tambayar abu ɗaya: me ya sa ya bar jakar a bakin ƙofa? Philemon ya share baki, ya tuna dabbar da ya gani, ya haɗa lissafi. Jaka dai matar jaki ce. Ashe sojan a kanta ya dawo.

Kafin a fita waje gardama ta kaure tsakanin tsofaffin biyu. Saja ya ce sojan ya shiga gidansa, sauke jaka kuwa sauke yaƙi ne, an ajiye shi a waje don kada ya bi mutum ɗaki. Alhaji Arzika ya ce a'a, tafiya ya yi. Ya ji gida na dariya ba tare da shi ba, ya gane sun saba da rashinsa, sai ya bar musu abin da ya tara ya juya. Saja, wanda shi ma ya yi shekaru yana barin gida, ya ji maganar kamar da shi ake. Ya ce soja ba ya juya wa ƙofarsa baya. Alhaji ya ce shi ai fim yake faɗi, ba Saja ba. Saja ya ce wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi mudu nauyi ba, bai kamata ya sa baki a maganar soja ba. Leah ta ce a hankali ita a ganinta mutumin bai dawo ba ma, jakarsa kaɗai aka kawo, kamar yadda aka kawo wa ƙanwarta. Ba wanda ya saurare ta.

Kwana da kwanaki ba a buga dara ba. Alhaji ya koma zagayawa ta bayan layi in zai tafi kasuwa. Saja yana zama shi kaɗai a ƙarƙashin mangwaro yana harare-harare.

Nan Philemon ya same shi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya ji abin da ya faru, kuma abin takaici ne manya su ɓata a kan abin da ɗan harka zai warware kafin shayi ya huce. Mutane suka fara matsowa, har da Alhaji, wanda ya tsaya can gefe kamar yana duba tayar kekensa.

Saja ya ce, "To, malamin fim. Me jakar take nufi?"

"Baba Saja, kafin a tambayi ma'ana, a fara duba wahalar da ta sha. Kun lura da nisan tafiyar da ta yi? Kun lura da kayan da ta ɗauka, ba ta taɓa kuka ba?"

Mutane suka dubi juna. Wani ya gyaɗa kai ya ce lallai jakar ta tsufa, duk fatarta ta koɗe.

"Ba dole ba? Rana, ruwa, duka," in ji Philemon.

Alhaji ya kasa daurewa, ya matso. "Wanga yaro, bar zagaye-zagaye. Mi ke cikin jikkar?"

Philemon ya ɗauka haka Kabawa ke kiran matar jaki. Ya yi murmushin tausayi ya ce, "Alhaji, ka taɓo wurin. Abin da ke cikinta rai ne. Sabon rai. Lokacinsa ne bai yi ba, shi ya sa ba a nuna muku ba."

Maganar ta ratsa jama'a. Gladys mai kunu, wadda rumfarta ke jikin shagon Philemon, ta dafe ƙirji. Saja kansa ya gyara zama. Ya tambaya ko ke nan sojan ya shiga. Alhaji ya tambaya ko ke nan ya tafi. Philemon ya ga in ya ba ɗaya gaskiya ya rasa ɗaya, ga shi bai ma san abin da sojan ya yi ba, sai ya ce irin wannan ba a faɗinsa da baki. Ran Lahadi bayan an tashi sujada zai maimaita ƙarshen fim ɗin a nan ƙofar gida, da ƙofa, da soja, da jaka, komai a fili, kowa ya gani da idonsa. Saja ya ce in har ya raba wannan gardama, to ya turo manyansa a zauna kan maganar Rachel.

Rachel ta tare shi a bakin famfo da yamma, ta tambaye shi ko ya tabbata ya san abin da yake yi. Ya ce mata ta fara zaɓen atamfa.

Sauran bayanan ƙarshen fim ɗin da dabara ya tsinto su. Yana tare mutum sai ya ce yana gwada shi ne, ya faɗi abin da ya gani. Da haka ya samu labarin ɗaga hannu da dariyar cikin gida. Jaka kuwa bai tambayi kowa ba, don wannan ya riga ya sani.

Ya fara da ƙofa. Saja ya ce ba mai taɓa tasa, don haka Philemon ya kwance ta shagonsa ran Asabar da safe, ya ɗauko a kai. Kafin ya dawo awakin maƙwabta sun shiga sun cinye hotunan wani biki da ya shanya, sun bar ango shi kaɗai. Ya ce wa Gladys ba komai, duk babban aiki sai an yi masa hadaya.

Sai kayan soja. Saja ya hana kaki, ya ce ba rigar wasa ba ce, amma ya ba shi aron tsofaffin takalman fareti da ya fi ƙauna, waɗanda yake gogewa duk mako. Sun yi wa Philemon yawa ƙwarai. Ya cusa tsumma a ciki, duk da haka in ya ɗaga ƙafa sai takalmin ya yi shawara kafin ya biyo.

Masu dariya ya samu cikin matan zumunta na cocinsu. Ya ce su ɓuya a bayan ƙofa da labulen tabarma, Gladys ta riƙa leƙe ta kafa, da zarar ta ga ya ɗaga hannu su saki dariya iyakar ƙarfinsu.

Jakar ce ta ba shi wuya. Da yake ya riga ya ce akwai rai a cikinta, dole sai mai ciki. Ya bi hanyar Mahuta yana tambaya, har aka nuna masa gidan wani manomi, Talle, mai jaka da cikinta ya tsufa. Talle ya ƙi da farko. Philemon ya ce za a san dabbar har Legas, kuma zai yi wa Talle hoto kyauta da iyalinsa duka. Talle ya yarda, amma ya ja masa kunne: kada a hau ta, kada a yi mata ihu, don tun da ta ɗauki cikin nan ta zama mai saurin fushi. Philemon ya ce ya yi aiki da 'yan wasan da suka fi ta rigima.

Suna barin gidan ya haye. Ta tafi da shi cikin natsuwa har bakin wani kwalbati, ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ya zame ta gaba ya sauka a kan haɓa. Sauran hanyar shi ya ja ta, wani wurin ita ta ja shi. Ya ɓoye ta a bayan shago don kada a ga abin mamaki kafin lokaci. Ta cinye angon da awaki suka rage.

Ran Lahadi ƙofar gidan Saja ta cika. Waɗanda suka fito coci suka zo da kayan adonsu, 'yan kasuwa suka rufe rumfuna, har da wasu da suka zo daga Dirin Daji ziyara aka ce su tsaya su ga ilimi. An kafa ƙofar a tsakiyar fili, an tokare ta da turame biyu. Saja ya zauna a kujera ta dama, Alhaji ta hagu, ba mai kallon wani. Leah da Rachel suna tsaye a bayansu. Talle ma ya zo da sabuwar riga saboda hoto.

Philemon ya ɗora kamararsa a kan ƙafafunta, ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ido yake gani amma ba ya gani. Sannan ya zagaya bayan shagonsa da ke nan kusa. Da ya fito, yana jan takalma yana jan igiya, dabbar na biye da shi ciki ya yi gaba. Jama'a suka ɗauka ita ta ɗauko kayan wasan, suka ba da hanya. Ya kai ta bakin ƙofa, ya ɗaure igiyar a jikin mariƙin ƙofar, ya shafa wuyanta, ya juyo da fuskar baƙin ciki.

Saja ya jira. Da ya ga ba abin da ya biyo baya, ya ce, "Ina jakar?"

"Ga ta a gabanka, Baba."

"Ina?"

"Baba, ga kunnuwa."

Alhaji ya miƙa wuya, ya dubi dabbar, ya dubi Philemon. "Yaro, jikka muka ce. Jikka ta saka kaya. Mai hannu, mai zif."

A nan ne abin ya faɗo wa Philemon. Ya ji zufa ta tsattsafo masa tun daga ƙeya har cikin tsumman takalmi. Amma bakinsa bai saba jiran kansa ba.

"Ai na sani, Alhaji. Wa bai sani ba? Ni ma'anar na kawo muku, ba fatar ba. Mai fim ɗin wannan ya so sakawa, ta ƙi tsayawa a gaban kamara, shi ya sa ya sa mai zif."

"Shi ya gaya maka?" in ji Saja.

"Mu 'yan harka ba sai an gaya mana ba."

"To rai ɗin da ka ce yana ciki fa?"

"Ga shi kuwa, Baba, taɓa ka ji yana motsi."

Rachel ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Alhaji ya tambaye shi wane launi ne jakar ta cikin fim. Philemon ya ce launin haƙuri. Wani daga baya ya ce koriya ce. Philemon ya ce shi ma abin da yake nufi ke nan.

Sai Leah ta yi magana, ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce, "Philemon, ɗana, ni ce a bayanka ranar. Minsharinka ya hana ni jin abin da kyaftin ya ce wa sojan. Na taɓa ka da mafici, ka ce a ƙara miya."

"Mama, ni? Barci? Na rantse da..."

Ya ɗaga hannu sama zai rantse. Gladys, wadda ke leƙe ta kafar tabarma ba ta jin abin da ake faɗi, ta ga hannu ya tashi. Ta ba da alama. Matan zumunta, masu muryar da ke cika coci ba lasifika, suka saki dariya gaba ɗaya a daidai kunnen jakar Talle.

Jakar ta yi wani kuka mai tsawo, ta tuma, ta fizgi igiya. Turame suka mirgine. Ƙofa ta faɗi, ta bar mata a tsugune a fili da bakuna buɗe. Philemon ya yi tsalle zai kama igiyar, takalmi ɗaya ya ƙi biyo shi, ya faɗi rub da ciki a kan ƙofar. Jakar kuwa ta ɗauki hanya. Haka ta ja shi, yana kwance a kan ƙofar shagonsa yana riƙe da gefe da gefe, suka bi ta kan ƙafafun kamara, suka ratsa tsakiyar baƙin Dirin Daji, suka kifar da bokitin kunun Gladys. Talle na biye yana roƙon a yi hankali da mai ciki. Matan zumunta kuma, da suka ga abin da ke faruwa, dariyar haya ta ƙare, ta gaske ta fara.

A bakin lambun yakuwar Leah igiyar ta tsinke. Jakar ta tsaya ta fara kiwo kamar ba ita ba. Ƙofa ta tsaya, Philemon bai tsaya ba, sai cikin kwatar da ke bin gefen lambun.

Saja Haggai ya yi ƙoƙari ya riƙe fuskarsa ta fareti. Ya cije leɓe, ya dubi sama. Kuskuren da ya yi shi ne waiwayawa hagu, inda ya ga Alhaji Arzika ya zame daga kujera, hula a hannu, hawaye na zuba, yana ta maimaita, "Launin haƙuri." Saja ya fashe. Ya dafa kafaɗar Alhaji don kada ya faɗi, Alhaji ya riƙe hannunsa, suka yi ta yi har tari ya kama su. Da suka lafa, Alhaji ya ce shi fa har yanzu yana nan a kan cewa sojan tafiya ya yi. Saja ya ce shiga ya yi, kuma a kawo dara, zai nuna masa a can.

Philemon ya fito daga kwata, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, ganyen yakuwa a kunne. Ya tsinci ɗaya takalmin ya saka. Ya ga tsofaffin riƙe da hannun juna, nan take ƙirjinsa ya dawo wurinsa. Ya tako har gaban Saja, ya juya ga jama'a ya ce su shaida, ya yi alkawarin raba gardama, ga ta ta rabu, kuma duk abin da suka gani tsararre ne tun daga farko, har faɗuwar. Talle ya ce in tsararre ne, a tsara masa sabuwar igiya. Gladys ta ce a tsara mata kunu.

Philemon bai kula su ba. Ya rage murya ya ce, "Baba Saja, maganar turo manya fa?"

Saja ya dube shi tun daga kai. Idonsa ya sauko a hankali har ƙasa, ya daɗe a can. Sai ya ce, "Hmm." Ya tashi ya shige gida ɗauko dara.

Nan da nan wurin ya rabu biyu. Wasu suka ce an ba shi, wasu suka ce an kore shi. Alhaji ya ce shi ya san Saja, wannan hmm ɗin ba na alheri ba ne. Philemon ya ɗaga murya ya ce a saurara. Hmm na soja iri-iri ne. Akwai na hanci, akwai na ƙirji, wannan kuwa na ƙirji ne, kuma duk wanda ya lura da yadda Baba ya sunkuyar da ido ƙasa zai gane alamar tawali'u ce, irin ta uban da zai rabu da 'yarsa.

Rachel ta ratso mutane ta tsaya a gabansa.

"Philemon, wannan kada ka wahalar da kanka. Ni zan fassara maka."

"Faɗi, Rachel, su ji."

"Kana tsaye cikin kashin jaka da takalman faretinsa."

Ya duba ƙasa. Haka ne kuwa, har idon sawu.

Ta ce ya je ya wanke su, ya goge su har ya ga fuskarsa a ciki, ya kawo gobe da kansa, ba aike ba. In ya zo ya gaida Baba ya zauna, duk abin da aka ce ya ce to. Ta ce in ya iya wannan har Baba ya gama shan kununsa, ita za ta san yadda za ta yi da sauran.

Fuskar Philemon ta washe. Ya juya ga jama'a, ya ja numfashi, ya buɗe baki zai bayyana musu abin da maganarta take nufi. Rachel ta ɗaga yatsa ɗaya. Ya dubi yatsan, ya dubi jama'a, ya rufe bakin. Ya tuɓe takalman ya riƙe a hannu, ya ɗora ƙofarsa a kai, ya kama hanyar famfo da safa.